Harafin da Ɓera Ya Ci

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa tambayar jikokina sunayensu. Ita ce ranar da harafi ɗaya tak ya tuɓe mini rigar da na daɗe ina taƙama da ita a Kaura Namoda, kuma a gaban liman, da direbobin tasha, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da wanda ya fi su duka ciwo, taubashina Garba.

Bari in fara faɗa muku gaskiyar da a lokacin ko matata ba ta sani ba. Karatuna na boko aji biyu ne, a Zurmi. Ajin na biyun ma ban ƙarasa ba, domin wata rana malami ya tura ni in samo masa tsumagiyar da zai dake ni da ita, na fita nema, har yau ban koma ba. Abin da na fito da shi daga makaranta shi ne haruffa. Na san su sarai, kuma ina da hannun rubutu mai kyau kamar na akawu. Idan an haɗa su da Hausa nakan lallaɓa in karanta. Idan an haɗa su da Turanci kuwa, sai in karanta su da Hausa, in ƙara da ƙarfin hali.

Shekarar da aka ba mu sabuwar jiha, kowa ya tashi neman abin yi. Ni ma na bar kamasho a tasha, na kafa rumfar kwano a bayan kasuwa, na zagaye ta da zana, na jera benci takwas, na sayi talabijin da bidiyo da ɗan janareto mai tari kamar tsohon mashayin taba. Gidan kallo ya samu. A bakin ƙofa na jingina baƙin allo, inda nake rubuta sunan fim ɗin ranar da alli.

Allon nan shi ne jarina. Na lura tun farko cewa idan na rubuta da Hausa, mutane sai su wuce suna cewa ai wannan wasan yara ne. Idan na rubuta da Turanci kuwa, ko wanda bai iya karantawa ba sai ya tsaya ya gyara hula ya shigo. Matsalar ita ce yawancin kaset-kaset ɗin finafinan ta Shinkafi suke zuwa mini, daga ƙetaren iyaka, wasu da Faransanci a kwalinsu, wasu ko kwalin babu. Don haka ni nake raɗa musu suna, kamar wanzami da jariri, sai dai ni ba a yanka mini rago.

Har dokoki na kafa wa kaina na nahawun Turanci. Ta farko, kowane sunan fim dole ya fara da THE. Na duba kwalaye da yawa na ga haka, sai na gane cewa THE hula ce, kuma babu mai mutunci da zai fita kasuwa kai ba hula. Ta biyu, harafin S a ƙarshen kalma na girmamawa ne, kamar yadda muke cewa su Alhaji ko su Malam. (Ban san wanda ya faɗa mini wannan ba. Ina zargin ni na faɗa wa kaina.) Ta uku, kowane fim PART 2 ne, ko da wanda ya yi shi bai san da na ɗaya ba, domin mutumin Kaura ba ya son ya ji an riga shi ganin abu. Da waɗannan dokoki na fitar da manyan sunaye irin su THE ANGRYS OF CHINA PART 2, da kuma THE LOVE IS PAINING, wanda ya yi mako biyu benci na cika.

Bayan allo kuma akwai fassara. Nakan tsaya gefen talabijin da ɗan sanda a hannu, jarumi na magana ina juya wa mutane. Idan ya ɗaure fuska in ce, “Ya ce wallahi yau ko ni ko kai.” Idan budurwa ta sunkuyar da kai in ce, “Ta ce sai an tambayi baffanta.” Babu wanda ya taɓa musa mini. Daga nan aka sa mini Farfesa, ni kuma na amsa, har na sayi tabarau marar magani.

Mutum ɗaya ne a duk garin ya san abin da ke ƙarƙashin tabarau ɗin: Garba, ɗan goggona. Benci ɗaya muka zauna a Zurmi, ni na tafi neman tsumagiya, shi ya zauna har ya zama hedimasta ya yi ritaya. Kusan kullum da hantsi sai ya biyo ta gaban rumfata a kan kekensa, ya sa ƙafa ɗaya ƙasa, ya ƙura wa allon ido kamar mai duba marar lafiya.

“Bawana,” zai ce, “wanga Turanci na wace ƙasa ne?”

“Na Landan ta ciki,” in ce. “Ku naku na littafi ne, bai kai can ba.”

“Awo. To Allah shi ba Landan haƙuri.”

Sai ya taka kekensa. Bai taɓa tona ni ba, ko sau ɗaya. Ni kuwa na ɗauka tsorona yake ji.

Ana nan sai Shari'a ta zo. Aka rufe wuraren sayar da giya, aka rufe sinima, mu masu ƙananan rumfuna muka shiga zulumi. Dattawan unguwarmu suka kafa kwamiti don su duba wace rumfa za a bari, wace za a ɗaga. Shugaba shi ne limamin unguwa, Malam Sani, dattijo mai sanyin magana wanda bai yi boko ba. Sakatare kuwa, don a cika mini jarrabawa, Garba ne. Na je har zauren Liman na durƙusa na yi alkawarin cewa daga yanzu babu rawa, babu waƙa, sai abin da zai ƙaru jama'a: noma, kiwo, da halittun Ubangiji. Ya ce to, ranar Asabar bayan la'asar za su zo su gani da idonsu. Idan abin ya yi, rumfa ta tsaya. Idan bai yi ba, in nemi wata sana'a.

Ina da bakuna tara a gida, kuma gwiwata ba ta sauran hawa bayan mota ana kiran fasinja. Rumfar nan ita ce tukunyarmu.

Ranar Alhamis na tare Isiya, direban da ke kawo mini kaya daga kasuwar Shinkafi, na ce ya nemo mini fim na dabbobi zalla, wanda ko inuwar mace babu a ciki. Da yamma ya miƙo mini kaset ɗaya ta tagar mota. “Farfesa, wagga sai da anka tono ta ƙarƙashin buhunna,” ya ce. “Mai shagon ya ce shekara ukku ba wanda yat tambaye ta.”

A kwalin akwai hoton wata ƙatuwar farar dabba mai tsinin baki, tana leƙe ta cikin keji. A sama an rubuta kalmomi huɗu: FREE THE ICE, sai ta ƙarshe, wadda ɓeran shagon ya yi wa aiki. Ya bar B da E, ya cinye harafi ɗaya, ya bar R. Rami ne sosai, har ina iya zura ɗan yatsa.

Na zauna na yi nazari irin na farfesoshi. ICE dai ba ta wahalar da ni ba, icce ke nan, wato itace, Hausa ce tsantsa Bature ya ara ya rage mata harafi. B, E, wani abu, R kuwa, ga hoton dabba mai tsinin baki, ai ko makaho ya san ɓera ne. Ɓeran icce ke nan, na ƙasar Turawa, inda komai nasu ƙato ne saboda madara. Babu icce a hoton, amma na ce wataƙila sai can tsakiyar fim zai hau. FREE ba ta dame ni ba, na ɗauka sunan ɓeran ne.

(Za ku ce me ya hana ni sa kaset ɗin in gani tun kafin ranar? Babu wuta kwana biyun nan, man janareto kuma na Asabar kaɗai na tanada. Amma ainihin dalilin shi ne, Farfesa ba ya bita. Za ku kuma ce me ya hana ni tambayar Garba? Da in tambayi Garba, gara in tambayi ɓeran.)

Safiyar Asabar na wanke allo da tsumma har yana sheƙi. Da farko na gyara wa masu fim ɗin kuskurensu, domin sun jefa THE a tsakiya, hula a ƙugu. Na ɗauko ta na mai da ita gaba inda Allah ya ajiye ta. Sai batun ramin. Na gwada A, na ga ta tsaya bare a wurin. Na gwada O, ta yi kumburi. Da na kalli FREE na ga E biyu zaune kusa da juna kamar tagwaye, sai na ce ai shi ke nan, Bature na son abu bibbiyu. Na sa E. Tunda manyan baƙi za su zo, na ƙara S ta girmamawa. PART 2 kuwa ban sa ta ba, don ba a yi wa liman ƙarya. Na ja baya na duba aikina:

THE FREE ICE BEERS
TODAY 4:30

Wallahi har sai da na ji tausayin Garba.

Tun azahar na fara ganin abin da ban saba gani ba. Mutane na zuwa su tsaya gaban allo, su karanta, su waiga hagu da dama, su sake karantawa. Wani malamin asibiti ya rage tafiyar babur ɗinsa, ya dube ni ya ce, “Farfesa, kai da wa?” Na ce ni kaɗai. Ya ce, “Lalle kana da zuciya.” Na ce ai ilimi ne. Kafin la'asar labari ya kai tashar jirgi, ya kai tashar mota. Da muka fito masallaci na tarar da taron da ko ranar THE LOVE IS PAINING ban gani ba. Ga ma'aikatan jirgi, ga direbobi, ga waɗansu mutanen kirki da na sani a sahun gaba, sun tsaya nesa-nesa a gindin dalbejiya, wai sun zo ne su ga ƙarshen rashin kunya. A gaban kowa akwai Mista Sande, tsohon makanikin jirgi, mutumin kudu da ya shekara talatin a Kaura, yana riƙe da wani ƙaton kofin silba.

“Farfesa,” ya ce da ƙaramar murya, “da gaske ne? Mai sanyi?”

“Da gaske mana. Fari ne ƙal, ƙato.”

“Fari?” Ya leƙa cikin kofinsa. “To ko wane iri ne, ni dai a fara da ni.”

Na ce ya kwantar da hankalinsa, kowa zai samu wuri. Ina cikin mamakin abin da zai yi da kofi a wurin kallon ɓera, sai ga kwamiti. Liman a gaba da sandarsa, dattawa uku a baya, Garba a ƙarshe yana tura keke, da littafin rubutu a hammata. Taron ya dare. Na tare su da fara'a har kunne.

Liman ya dubi jama'a ya ce, “Masha Allah. Ashe mutane na son ilimi haka?”

Garba ya jingina kekensa. Ya tsaya gaban allo. Na ga ya cire tabarau ya goge ya mayar. Na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Ya juya baya ya yi tari, ya juyo, ido ya yi ja.

“Malam Garba, mi anka rubuta?” in ji Liman.

“Allah gafarta Malam, an rubuta cewa yau da ƙarhe huɗu da rabi akwai biya kyauta.”

Ban san inda ya samo wannan ba, amma na ga ƙofa sai na faɗa. “Awo! Biya kyauta! Wato yau babu biya, kowa shi shiga kyauta, albarkacin zuwanku.”

“To ai wanga alheri ne,” in ji Liman. “Allah shi saka.”

Da Garba ya yi shiru a nan, da yau ina nan da sunana. Amma akwai mutum sittin a wurin da suka karanta allon, kuma littafin kwamiti na hannunsa. Ya matso kusa da Liman, ya rage murya, irin ragewar da kowa ke ji.

“Allah gafarta Malam, ba biya ta aljihu ba. Biya ta kwalba. Giya. Kuma an ce mai ƙanƙara. Kuma da yawa, don ya sa mata jam'i.”

Na ji janareto na tari a bayan zana, na so in bi shi mu yi tare. Mista Sande ya zura kofinsa cikin riga a hankali, ya koma kamar mai ciki wata biyar. Mutanen gindin dalbejiya suka fara salati da ƙarfi, don a shaida cewa su da ma ba su yarda ba.

Liman bai ɗaga murya ba. Ya dogara da sandarsa ya dube ni. “Kai ka rubuta wanga da hannunka?”

“Ni ne, Allah gafarta Malam.”

“Kuma an ce mani duk garin ga babu mai Turanci kamar kai.”

“Haka... haka mutane ka cewa.”

“To ɗaya cikin biyu ne. In ka san abin da ka rubuta, ka tallata giya a unguwarmu, rumfa ta tashi yau, sauran magana kuma ba tawa ba ce, ta alƙali ce. In ba ka sani ba, ka hwaɗa muna ba ka sani ba. Karanta muna shi da bakinka, mu ji.”

Jama'a, na sha shiga tsaka mai wuya a rayuwata, amma ban taɓa ganin an ɗora tuwon gidana a hannu ɗaya, girman kaina a ɗaya hannun, an ce in zaɓa ba. Na dubi Garba ko zai cece ni. Ya buɗe littafi ya ɗora biro, yana kallon sama kamar mai duban wata.

Na gyara tabarau. Na nuna allo da ɗan sandana na fassara.

“Te,” na ce. “Fire'e. Icce. Ɓe'ers.”

“Ma'ana?”

“Ma'ana... su ɓeran icce. Mai suna Fire'e.”

Wanda ya fara fashewa Mista Sande ne. Ya durƙusa yana dariya har kofin ya faɗo daga riga ya gangara gaban Liman yana ƙara. Daga nan wuri ya rikice. Isiya direba ya kwanta a kan benci yana dukan ƙasa. Wani ya ɗaga murya daga baya ya ce, “To duk baffannin da kac ce ’yan matan Indiya na cewa a tambaya hwa?” Wani ya amsa masa, “Baffan Farfesa ne!”

Na cire tabarau na sa a aljihu. Na ce, “Allah gafarta Malam, aji biyu na yi. Na biyun ma ban ƙare ba. Garba shaida ne.”

“Shaida nike,” in ji Garba. “Har gobe malaminmu na jiran tsumagiya.”

Liman ya rufe baki da gefen rawani, amma na ga gemunsa na motsi. Ya sa aka kawo kwalin. Garba ya duba, ya zura yatsa a ramin, ya yi wa jama'a bayani kamar yana gaban aji. Ya ce harafin da ɓera ya ci A ne, kalmar kuma sunan wata dabba ce ta ƙasar ƙanƙara, beyar, ba ta da dangantaka da ɓera ko ta wajen uwa. Ya ce ICE ƙanƙara ce, ba a hura wuta da ita. Sannan ya zo kan hulata. Ya ce yadda masu fim suka rubuta, FREE a gaba, THE na biye, umarni ne: ku saki dabbar nan. Da na ɗauko THE na kai gaba, sai FREE ta tashi daga saki ta koma kyauta.

“Wato da hannunai ya mai da ceton dabba walimar mashaya,” ya ce. “Ɓera ya ci harafi guda, bawana ya ci sauran.”

Liman ya ce tunda an taru, a sa fim ɗin a gani. Aka shiga, kyauta kuwa, tunda na riga na faɗa da bakina a gaban shaidu. Na ɗauki ɗan sandana zan tsaya gefen talabijin bisa al'ada, Liman ya ce, “A'a, Farfesa, zamna ka huta. Malam Garba, taimaka muna.” Na zauna a ƙarshen benci kusa da Mista Sande. Fim ya fara: ƙanƙara fari fat iyakar gani, ko tsinke babu. Can Sande ya taɓa ni ya ce, “Farfesa, yaushe zai hau iccen?”

Amma fim ɗin ya yi kyau, wannan kam ba a ƙwace mini ba. Da aka nuna dabbar tana ninƙaya cikin ruwan da ya daskare, Liman ya yi ta tasbihi yana cewa dubi ikon Allah, riga guda ya ba ta ta ishe ta. Da aka buɗe kejin ta fita, har da masu kabbara. Aka tashi kafin magariba.

A bakin ƙofa Liman ya yanke hukunci. Rumfa ta tsaya, domin jahilci ba laifin bulala ba ne. Amma da sharaɗi: duk abin da zan rubuta a allon nan, sai Malam Garba ya duba ya sa hannu kafin a jingina shi.

Na ce, “Allah gafarta Malam, ba a iya mai da shi bulalar?”

Ya ce ba a iyawa.

Haka na koma aji biyu ina da furfura. Shekara uku cur, kowace safiya ina ɗauke da allo a ka, ina ratsa kasuwa zuwa zauren Garba, masu shaguna na yi mini kirari da Ɓeran Icce. Shi kuma ya sayi jan alli musamman saboda ni. Yakan karɓa ya duba, ya zagaye S ɗina ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Wanga wa kake girmamawa nan?” Wata rana da na kawo allo babu kuskure ko ɗaya, ya daɗe yana dubawa, ya rasa abin zagayewa, sai ya rubuta a ƙasa da jan allinsa: PART 2.

Garba ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Sai bayan rasuwarsa na zauna na lissafa shekarun da ya yi yana karanta allona yana taka kekensa bai ce wa kowa komai ba. Rumfar ma ta daɗe da tashi, yanzu kowa sinimarsa na aljihunsa. Sunan ne dai ya ƙi tashi, har jikokina in sun so tsokana sai su tambaye ni wane icce ne.

Abin da na koya shi ne, idan ka tarar da rami a cikin abin da ba ka sani ba, kada ka cike shi da son ranka, ka ɗauka ka kai wa wanda ya sani, ko da taubashinka ne. Ɓeran Shinkafi bai yi aji ko ɗaya ba, amma da ya ci harafinsa sai ya yi shiru ya koma rami. Ni mai aji biyu ne na ɗauki alli.